Daminar da Munka Nome Filin Ƙwallo

Daminar bana a Birnin Kebbi ta same ni, gidan ɗiyata, inda anka kai ni a wanke mani ido. Da idon ya buɗe, abin da na fara gani tangaran a talabijin shi ne aikin filayen ƙwallo da wasu ƙasashe ke ginawa, wasu kuma suna gyarawa, don babbar gasar nan ta duniya. Ga injuna sun fi rimi tsawo, ga kujeru jere har ido ya gaji. Duk wannan bai ɗaɗa ni da ƙasa ba. Sai ga manyan motoci sun shigo ɗauke da ciyawa, ciyawa fa, a naɗe kamar tabarma, ana saukewa ana shimfiɗawa, kafin ka ce me fili ya yi kore shar. Na yi dariya har ɗiyata ta fito daga madafa ta ce, "Baba, likita fa ya hana ka jijjiga." Na ce ta bar ni, ba ta san abin da ciyawar fili ta ci a gidanmu ba. A waje ruwan Agusta ke zuba, irin mai yini, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta taga, sai na tsinci kaina a garinmu can ƙasar Bagudo, shekarar da anka ba mu mulkin kai.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai lokacin, ni ne sarkin samari, kuma in faɗi gaskiya kaina na rawa. Ƙwallo ba ta daɗe da shigo mana ba. Malam Sa'idu ya zo da ita, wani Bazazzage siriri da anka turo makarantar elemantare. Da la'asar in ya fito da ita, mu ƙattin gari mu ture 'yan makaranta mu hau bugu a fakon kasuwa, ƙafa ba takalmi, farce ya fita jini na zuba ba mai ko dubawa.

Ana cikin zafin bazara, irin wanda ko kare ba ya haushi da rana, Malam ya tara mu gindin tsamiya ya ce cikin bukin mulkin kai za a yi wasa tsakanin samarin ƙasarmu da na Dahome, ƙetaren iyaka. Garin da ke da fili mai kyau shi za a ba wasan, kuma mai duba makarantu zai zo daga Birnin Kebbi ya gani da idonsa. Wayyo, ranar ko tuwo ban iya ci ba don murna. Mutanen ƙetaren nan ba baƙinmu ba ne, Dendawa ne dangin Innata, kasuwa ɗaya muke ci. Golansu ma Jibo ne, ɗan kawuna, taubashina wanda tun muna yara bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba. A ce a garinmu, gaban 'yan matanmu, zan zura wa Jibo ƙwallo? Ai ko da haƙora ne sai na gina filin nan.

Matsalar ita ce wuri. Duk inda Malam ya auna da igiyarsa, ko ya cika gangare ko ruwa na kwanciya. Wuri ɗaya ne shimfiɗaɗɗe mai tsotse ruwa kusa da makaranta, shi ne gonar Babana ta bakin gari. Ba ƙaramar gona ba ce a wurinmu. Shekara da shekaru tana shan takin gida, geronta ke riga na kowa nuna, shi ke fid da mu daga yunwar tsakiyar damina. Ɗaya gonar tamu tana daji can hanyar Kurgu, in ka fita bayan asuba sai hantsi ka isa, kuma maiwa da dawa take yi, masu jan rai.

Sau uku ina durƙusa gaban Baba. A na ukun yana gyaran ƙotar hauya a zaure, bai ɗaga kai ba ya ce, "Arzika, ka san bara ba ta yi kyau ba. Ka leƙa rumbu?"

"Na leƙa, Baba. Aro na, damina guda. Ana watsewa in huɗe maka abinka da hannuna."

"Damina guda kac ce?"

"Damina guda."

Ya daɗe yana fiƙe itacen nan. Can ya ce, "To ku buga. In an watse ku ba ni gonata."

Inna ta ji labari. Washegari dai na ga ta aje ƙwaryar da take ɗibar hatsi da ita ta ɗauko ƙarama.

Ruwan fari na sauka munka faɗa aiki. Da safe kowa gonar ubansa, bayan azahar a haɗu a fili. Munka baje tsofaffin kunyoyi, munka tumɓuke kututturan sabara, munka rushe wani suri da ya fi ni tsawo, gara na cizo muna ihu. Ƙasar da munka kwashe munka jibge ta gefe biyu ta zama tudu inda 'yan kallo za su tsaya. Malam na tafe da igiya da turaku, wandonsa naɗe, yana cewa nan ya yi tudu, can ya yi kwari, mu ko muna jan gungumen giginya muna daidaita ƙasa da waƙa. Masassaƙa sunka kafa turakun gola. Wani tsohon Basarke, masunci daga bakin kogin Kwara, ya ce shi zai saƙa raga, ya kuma rantse ko giwan ruwa ta shige ta ba ta fita. Mata sunka kawo zana anka ɗaura rumfar manyan baƙi. Ban taɓa ganin garinmu ya haɗa kai kan abin da ba a ci ba sai wannan karon.

Da noman fari ya kankama dole munka bar fili. Ni da Baba munka koma gonar daji, muna kwana a bukka, sai ran Juma'a a leƙo gida ko ma a'a. A nan yunwa ta fara nuna mana ita ma tana gari. Inna kan aiko da dunƙulen fura biyu da kwaɗon tafasa, mu dama guda da rana da ruwa mai yawa, mu bar guda. A gida tuwo ya koma sau ɗaya, da safe sai rama ko yaɗiya da ɗan ƙuli-ƙuli, wani lokaci garin rogon da kawu ke aiko mana daga ƙetare, a jiƙa shi ya kumbura ya yaudari ciki. In ka sunkuya da hauya ka ɗago, sai ka ga gari ya yi duhu-duhu, ka dafa ƙota har ya washe. Ga sauro, ga tufafi ba sa bushewa. Amma wallahi ina noma ina buga ƙwallo a zuci, har Baba ya kan ce, "Kai, maiwa kake sarewa."

Na yi kusan wata rabona da fili. Ran da na dawo gari, na bar Baba can yana maimai, ban ko shiga gida ba na zarce in gani. An kewaye filin da ƙaya, ciki kuwa ciyawa ce ta rufe shi ruf, ƙanana, lufluf, tun daga wannan gola har waccan. Duk wahalar da munka sha ta koma saura! An ba da hutu, 'yan makaranta sun watse ƙauyukansu, Malam kuma an kira shi Birnin Kebbi kan shirin buki.

Na tambayi Inna ko ya bar saƙo. Ta ce a'a, sai dai kafin ya tafi ta gan shi da sassafe bayan ruwa, da wata 'yar jaka, yana tafe yana barbaɗa wani abu a filin kusurwa zuwa kusurwa.

Na buga cinya na ce, "Magani na! Malam ya ɗaure ƙafafun mutanen Dahome."

Ku da kuke dariya yanzu, ku gaya mani, a duk ƙasar nan wa ya taɓa jin mai hankali ya shuka ciyawa? Mu tun da munka buɗe ido yaƙi muke da ita. Mutum in gonarsa ta yi ciyawa ko mata ba a son ba shi. Kuma duk ƙwallon da munka taɓa bugawa a fako munka buga ta. Na ce bawan Allahn nan baƙo ne, ya yi mana ƙoƙari, ba za mu bari ya dawo da mai duba makarantu su tarar da kunya ba. Nan take na sa anka buga gangar gayya, na aika ƙauyukan Geza da Kurgu da Sharabi.

Gayya kuwa ba ta yiwuwa da baki busasshe. Na koma wurin Inna ina sosa ƙeya. Ta dube ni, ta dubi rumbu, ta sa anka sauko da dammunan gero na ƙarshe da take ɓoyo. Maƙwabta sunka taya ta sussuka da daka, Fulani sunka kawo nono, anka dama fura cikin manyan ƙore.

Ranar gayyar nan, kai! Gari ya waye da lumshi, ba rana ba ruwa. Samari sun fi ɗari sunka jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa da hauyarsa, makaɗa na bayanmu, 'yan mata na kan tudun 'yan kallo suna guɗa. Ganga na tashi munka duƙa. Wani dattijo daga Geza ya tsuguna ya ciro 'yar ciyawar ya murza, ya ce, "Sarkin samari, ciyawar ga baƙuwa ta. Ban san ta ba, kuma dut iri guda ta."

Na ce, "Baba, baƙuwa ko 'yar gida, yau za ta bar filin ga."

Kafin azahar mun share shi tas. Munka tattara ciyawar, masu awaki sunka kwashi rabonsu, sauran da ta sha iska munka cinna mata wuta. Tsofaffin mata ma sunka ce ba a bar su baya ba, sunka zo da madaɓai da ruwan makuba sunka daɓe bakin gola biyu sumul kamar ɗakin amarya. Na tsaya kan tudu ina kallon jar ƙasa fes, ƙirjina kamar ya fashe don alfahari.

Kwana biyu bayan haka Malam ya dawo, a kan kekensa, da ƙunshin ƙananan tutoci ɗaure a baya. Munka tare shi tun bakin kasuwa, muna ta yi masa rakiya, kowa na ƙunshe dariya don a ba shi mamaki. Da ya iso bakin fili ya sauke ƙafa ɗaya. Ya duba gabas, ya duba yamma. Keken ya sulale ya faɗi, bai ko waiwaye shi ba.

"Arzika, ina ciyawata?"

"Mun gama da ita, Malam. Ko ƙwara ba mu bari ba."

"Kun gama da ita."

"Awaki sun ci, saura mun ƙone."

Sai ya zauna daɓas a ƙasa da farin wandonsa, ya ɗora hannu biyu a ka. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shuka ta na yi, Arzika! Iri ne na roƙo a gidan gona na gwamnati, 'yar jaka ɗaya, babu wani. Ba a karɓar fili sai da ciyawa. Wa zai kawo baƙi daga wata ƙasa su yi wasa cikin taɓo?"

Wani daga baya ya ce a hankali, "Malam, wai ciyawa aka shukawa?" Ba wanda ya yi dariya. Malam ya ce mai duba makarantu na zuwa nan da kwana arba'in, kuma akwai wani gari da ke da fili mai ciyawa yana jira a ba shi.

Kamar da gayya, da la'asar ɗin nan hadari ya haɗo daga gabas anka kwarara ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe fili ya zama kwata. Ruwa ya yanka shi gida-gida, bakin golan da anka daɓe ya yi santsi, wani jaki ya bi ta kai ya zame ya zauna. Na tsaya ina kallo, cikina na kukan yunwa. Na raba gidanmu da geron bakin gari, na cinye wa Inna na ɓoyo a gayya, kuma ga abin da na saya da su.

Kafin mako ya zagayo 'yan mata sun yi mani waƙa a dandali, wai sarkin samari ya nome gonar da ba a shuka ba. Ran kasuwa Jibo ya ƙetaro takanas. Ya same ni a rumfar mai gishiri ya rungume ni yana dariya har da hawaye. "Taubashi, mu tun farkon watan ga munka karɓi mulkin kanmu, ku ko kun tsaya noman fili. In kun gama ku zo ku nome muna namu, akwai hura." Da can da na rama har sai ya gudu. Ranar ko kallonsa ban iya yi ba. Na daina fita dandali, na daina zama zaure, in zan je masallaci sai in bi ta bayan gari. A lokacin ne gero ya fara nuna a gonakin mutane, ƙamshin tumu ya cika unguwa, maƙwabta na aiko wa Inna da zangarniya biyu uku don tausayi. Ban iya sa shi a baki ba.

Baba ya dawo daga daji ran Alhamis. Ya je ya zagaya filin shi kaɗai, hannu a baya. Bayan sallar Juma'a anka taru ƙofar maigari kan maganar. Wasu sunka ce a haƙura a bar wa wancan garin. Malam ya ce ko an sami iri yau ba zai rufe ƙasa kafin ranar ba. Ina can baya rakuɓe sai na ji muryar Baba, shi da ba ya magana a taro.

"Malam, ciyawar ga dole sai ta gwamnati?"

"A'a, Baba. Kowace ce, in dai gajera ce mai shimfiɗa, mai jure taku."

"To akwai kirikiri bakin Kwara. In anka ɗebo ta da ƙasarta anka dasa awa shinkafa, anka ba ta taki, kwana talatin ta haɗe."

Kirikiri ita ce ciyawar da manomi ya fi tsana, mai bin ƙasa tana kafa saiwa a kowace gaɓa. Maigari ya gyara zama ya ce, "Malam Bawa, kirikiri? Cikin gonarka?"

Baba ya ce, "Na ji abin da nac ce."

Ni dai ban tsaya tunanin komai ba. Abin da na ji kawai shi ne akwai hanya. Na ce a raina in an gama buki na sa galma na tone ta, ai ba ta fi ƙarfin ƙato ba. Na yi tsalle na sake sa a buga ganga.

Abin da ya biyo baya ban ga irinsa ba har yau. Gari kaf ya juya bakin Kwara. Masu galma na yanko kirikiri fala-fala da ƙasarta, Sarkawa na ɗebo ta da jirage daga tsibirai, jakai na hawa da mangaloli, mata da kwanduna a ka, laka na tsiyaya a wuyansu suna waƙa. Waƙar da anka yi mani ita anka juya, yanzu wai sarkin samari na biyan bashin ciyawa, har ni ina amsawa. Mutanen Geza da Kurgu da Sharabi sunka dawo, wannan karon kowa da guzurinsa ƙulle a gefen riga, don sun san rumbunmu ya faɗi. Dangin Inna masu shinkafar fadama su sunka karɓi dashe, sunka jeru duƙe suna ja da baya, taki ɗaya tsakanin kowane dasawa. Baba ne gaba, yana nuna inda za a cike kwari da inda za a danne da diddige. Har rugar Fulani ya je da kansa ya roƙo kashin shanu. Dattawa na wucewa suna riƙe baki, wai yau ga Bawa na ba kirikiri taki.

Mun gama dashe ke nan ruwa ya ɗauke. Kwana ɗaya, biyu, har tara, sama fes, rana kamar ta bazara. Ciyawar ta fara yin ja. Munka koma tulu. Tun asuba mata da maza a jere daga tafki zuwa fili, tulu na bin hannu, ana yayyafawa da reshen dogon yaro. Cikin kowa ba komai sai ruwan rama, ƙafafu na rawa, amma in wani ya fasa tulu sai ihu da tsiya, a ci gaba. A rana ta goma da hantsi iska ta juyo da sanyi, munka ji tsawa can wajen Dahome. Da ɗigon fari ya faɗo wallahi rawa munka yi cikin ruwan nan, har Malam Sa'idu da ba ya son laka.

Daga nan sai ta miƙe. Kullum safiya in na je sai in ga 'yan hannuwanta sun ƙara tsawo, wannan ta kamo waccan, jar ƙasa na ɓacewa. Da ta haɗe munka bi ta da lauje a tsugune muna daidaita kanta, munka ja layi da farar ƙasa, Basarke ya ɗaura ragarsa.

Mai duba makarantu ya zo cikin wata 'yar mota da ta sha laka, dattijo mai furfura da tabarau. Gari duka na kan tudu. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya girgiza turakun gola. Sannan ya cire takalmansa ya taka ciyawar, ya tafi har tsakiya ya dawo, ya tsuguna ya ja ta da hannu ta ƙi fita. Ya dubi Malam ya ce, "Wa ya ba ku wannan dabara?" Malam ya nuna Baba. Dattijon ya sa takalmansa ya ce, "A nan za a yi." Guɗar da ta tashi na tabbata an ji ta a Sharabi.

Ranar wasa kuwa, me zan ce? An yi ruwa da safe ya ɗauke, ciyawa na sheƙi, tutoci kore da fari a hannun kowane yaro, sabon gero ya shigo gari kowa ya ƙoshi. Mutanen Dahome sunka iso cikin babbar mota da kaɗe-kaɗensu, riguna iri ɗaya, wasu har da takalman roba. Mu ko rigunanmu rinin baba ne, ƙafa a ƙasa. Su sunka fara ci, munka rama kafin hutu. Saura kaɗan a tashi ƙwallo ta faɗo gabana, na ga Jibo ya fito yana buɗe hannu yana cewa, "Zo, manomi!" Na ɗaga ƙafa kamar zan narka masa, ya kwanta dama, na tura ta hagu a hankali ta shige ragar Basarke. Ban san sanda anka ɗaga ni sama ba. Daga can bisa kafaɗun mutane na hango Baba a ƙarshen tudu, hularsa a hannu, bakinsa buɗe yana ihu, shi da ko a bukin aurena daga baya bai ɗaga murya ba. Jibo ya kwana gidanmu, Inna ta yi masa tuwon sabon gero, na hana shi sakat har ya hau mota.

Da rani ya yi na tuna alkawari. Na sa wa filin wuta, na bi shi da galma ni da abokaina, munka tara saiwoyi tsibi-tsibi munka ƙone. Na ce to an gama. Ruwan fari na sauka, kwana uku, sai ga ta ta fito kore shar, ta fi bara kauri. Na sake tonawa. In na jawo saiwa ɗaya fara sol mai tsawon hannu, sai ta tsinke ta bar goma a ƙasa. Baba bai taɓa zuwa ya duba ba.

Ran da gari ya fita shuka, tun da sassafe ina can ni kaɗai ina haƙa, tafin hannuna duk ya fashe. Sai na ji takunsa a bayana. Yana saɓe da sungumi, ƙwaryar iri a hannu.

"Mi kake yi?"

"Gonarka nika fid da maka, Baba. Damina guda nac ce."

"Aje galmar ga. Kirikirin da anka ba taki, anka ba ruwa da tulu, wa ka taɓa gani ya fid da ita? Ko jikanka ba ya cin geron wurin ga."

Na tsaya riƙe da ƙota. "To Baba, ka san haka, don mi kac ce a kawo ta?"

Ya dubi filin tun daga wannan gola har waccan, gonar da ubansa ya bar masa. Ya ce, "Na dawo daga daji na iske ɗana na bin bayan gari zuwa masallaci. Gona akwai wata, nisa ɗai gare ta. Karɓi iri mu tai, rana na yi."

Na karɓi ƙwaryar. Ya juya ya kama hanyar Kurgu, hanyar da ya ci gaba da bi kowace damina har ƙafafunsa sunka gaza, kuma bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Yana gaba ina baya, ƙato da ni ina kuka har da majina. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya, sai da munka kai mararraba ya ce in gyara riƙon ƙwaryar kada iri ya zube.